A Fara Zaɓen Akwatin Sauti Kafin a Haɗa Kwamfutar Situdiyo

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Jibiya, ta ƙetare iyaka a Magama, ta ratsa Ɗan Isa har ta dangana da Maraɗi, ya san cewa ba hatsi da dabbobi kaɗai ke bin ta ba, domin tun lokacin da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano ya karɓe aikin kalangu a waƙoƙin fim, daga baya kuma kwamfuta ta karɓe aikin fiyanon, samarin ɓangarorin biyu suke ɗauko kayan naɗar murya ta wannan hanya, kowa da burin buɗe ɗan ɗakinsa na waƙa. Abin da nake gani kuwa shi ne, galibinsu suna fara ciniki ta inda ya kamata su ƙare.

Saurayi zai shiga Titin Beirut a Kano da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, tambayarsa ta farko ita ce ƙarfin furosesa, sai bayan aljihu ya yi sauƙi sannan ya tuna da akwatin sauti, wato na'urar da ake soka makirfo da lasifika a jikinta, ya ɗauki duk wanda ragowar kuɗinsa ya iya saye. Alhali wannan akwati shi ne asalin sana'ar, kwamfuta hadimarsa ce. Shi ke mayar da murya lissafin da inji ke ganewa, shi ke ba da wuta mai ƙarfin bolt 48 wadda wani nau'in makirfon situdiyo ba ya motsi sai da ita, kuma direbansa, wato 'yar manhajar da ke sulhu tsakaninsa da Windows, ita ke hukunta ko mawaƙi zai ji muryarsa a kunne daidai lokacin da ya furta, ko kuwa za ta riƙa iso masa a makare har ta jefar da shi daga kan kiɗa. Saboda wannan illa ne kamfanin Steinberg na Jamus, masu manhajar Cubase, suka ƙirƙiro tsarin ASIO. Idan direba na ƙwarai ne, aka saita ma'ajin sauti a kan 256, ana ɗauka sau 48,000 a daƙiƙa, jinkirin ma'ajin bai wuce kashi 5 da ɗoriya cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Idan kuwa babu shi, to, ko furosesar ta kai ina, ƙaraf-ƙaraf da yankewa ba za su rabu da aikin ba.

A nan kayan hannu ke yaudara. Akwai tsofaffin akwatuna masu daɗin sauti da araha waɗanda ke amfani da mahaɗin FireWire, wanda ya ɓace daga sababbin kwamfutoci, akwai kuma waɗanda masu ƙera su suka daina sabunta direbansu tun shekaru. A ɗaya gefen, Microsoft ta janye tallafinta na yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma bisa ƙa'ida ba ta karɓar galibin furosesar Intel da ta gaza zubi na 8. Saboda haka wajibi ne mai saye ya fara tsayar da akwatinsa, Focusrite ne ko Behringer ko waninsu, ya duba shafin kamfanin ya tabbatar akwai direban da ya dace da Windows ɗin da zai sa, sannan ya gina sauran a kansa. Sauran kuwa ba su da wuyar sha'ani: ram mai gigabait 16, faifan SSD, da fanka marar ƙara. Katin hoto mai tsada na masu wasan gem ne, ba ya ƙara wa murya komai.

Sai batun wuta, wanda mutanen iyaka suka fi kowa buƙatar lura da shi. Ƙarfin lantarkin ƙasarmu da na Nijar kusan ɗaya ne, amma soket ɗinmu mai ƙafa uku ne irin na Ingila, na Nijar kuwa mai zagayayyun ƙafafu ne irin na Faransa, kuma ƙaramar adaftar da ake saye don haɗa su sau da yawa tana yar da ƙafar da ke sauke wuta ƙasa, daga nan sai gurnani ya shiga lasifika, mai situdiyo ya yi ta zargin akwatin da bai yi laifin komai ba. Wanda kuma zai dogara da janareta, kuɗin sitabilaiza da batirin ajiya suna cikin kuɗin kwamfutar tun farko.

Mai karatu zai iya cewa, in kaya ba su dace ba ai sai a mayar. Wannan magana ce ta wanda ke zaune kusa da kasuwa. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Ko ƙofa a buɗe take, kuɗin mota da canjin sefa da shingayen hanya sun isa su cinye kuɗin akwatin. Wani abin lura kuma, mayar da haja saboda aibi haƙƙi ne sananne a fiƙihu, amma a nan kwamfuta lafiyarta lau, akwati ma haka, jituwa ce kawai babu tsakaninsu, don haka mai shago yana da hujjar cewa bai ɓoye aibin komai ba. Mafita tana cikin abin da malamanmu na Malikiyya suka karantar a babin ciniki na Risala, cewa ya halatta a ƙulla ciniki bisa zaɓi, a yanka wa'adi gajere gwargwadon abin da za a jarraba hajar.

Don haka ina kira ga 'yan kasuwar Kano da Katsina da su ajiye teburin gwaji a shagunansu, su kuma yarda da rubuta wa'adin zaɓi a jikin rasit. Kai kuma mai saye, musamman in za ka ƙetare Magama da kayanka, kada ka ƙirga kuɗi sai an haɗa akwatin da kwamfutar a gabanka, an sa direba, an buɗe FL Studio ko Cubase, ka rera baiti guda ka ji shi da kunnenka.