Lissafi da harshen da yaro ke ƙirga da shi

A duk kasuwar da mutum ya shiga, daga Maraɗi zuwa Damagaram, zai tarar da yarinya ƴar shekara tara ɗauke da farantin talla. In aka sayi gyaɗar dala talatin da biyar aka miƙa mata dala ɗari, nan take za ta mayar da dala sittin da biyar. Ita kuma wannan yarinya, in aka rubuta mata 500 a ɗebe 175 a kan allon aji, aka karanta mata da Faransanci, sau da yawa sai ta tsaya tana kallon alli. Lissafin ɗaya ne, yarinyar ma ɗaya ce. Abin da ya canza shi ne harshe. Don haka nake ganin duk wani shirin ɗaga darajar lissafi a makarantun firamare na Nijar da bai fara da maganar harshen koyarwa ba, zai sha wahala a banza.

Matsalar kanta sananniya ce. A binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ƙasashe goma na Afirka masu amfani da Faransanci, Nijar ce ta zo ƙarshe: ɗaliban ajin ƙarshe na firamare da suka kai matakin da ake bukata a lissafi ba su kai ɗaya cikin goma ba. Binciken 2019 ya nuna an samu ci gaba, amma mafi yawan yara suna nan ƙasa da matakin. A cikin binciken na 2014, yaran Burundi, inda ake fara karatu da harshen Kirundi, su ne suka yi fice. Wannan abin lura ne ga ɗalibin kimiyyar harshe.

Mu dubi sunayen lambobi. Bahaushe yana cewa goma sha ɗaya, goma sha biyu, har zuwa goma sha tara. Sunan da kansa yana bayyana cewa akwai goma, akwai ƙari. Yaron da ya ji haka ya riga ya kama hanyar gane gurbin gomomi da na ɗaiɗaiku. Faransanci kuwa yana ba shi onze, douze, har seize, kalmomin da babu goma a cikinsu da kunne zai ji. Ya haura sittin sai ƙa'ida ta sake juyawa: 70 ta zama sittin-goma, 80 ta zama huɗu-ashirin, 97 ta zama huɗu-ashirin-goma-bakwai. Malaman firamare sun san yaran da ake yi wa shiftar soixante-douze su rubuta 612. Ɗan Faransa ma yana tuntuɓe a nan, balle ɗan ƙauyen Tasawa wanda bai taɓa jin harshen a gida ba.

Hausa ma tana da nata tarko, kuma bai kamata mu ɓoye shi ba. Ashirin, talatin, har casa'in aro ne daga Larabci, ba sa nuna goma a fili kamar tsohon ƙirgen gomiya biyu, gomiya uku. Tsakanin ɗari biyu da ɗari da biyu, ƙaramar kalma ɗaya ce tal ta raba 200 da 102. Ga kuma ƙirgen kuɗi: abin da aka rubuta 100 a jikin ƙwandala, baki yana kiransa dala ashirin, tunda dala tamma biyar ce. Sai dai malamin da ya san waɗannan abubuwa yana iya mayar da su darasi. Gomiya uku hanya ce ta fassara talatin. Dala kuwa jadawalin ninkin biyar ne da yaro ya zo da shi daga gida kyauta. Har salon cewa ashirin ba biyu a maimakon goma sha takwas, ɗebewa ce da harshe ya ajiye a cikin sunan lamba.

Wahala ta fi tsanani a lissafin da ake bayarwa cikin zance. A ce wa yaro Ali yana da goro takwas, kuma yana da trois de plus que Musa. Ya ga kalmar plus, an koya masa cewa tarawa take nufi, sai ya ba Musa goma sha ɗaya. A faɗa masa da Hausa cewa Ali ya fi Musa da uku, zai gane Musa ne mai kaɗan, ya ce biyar. Takardar jarrabawa za ta rubuta cewa yaron ya faɗi lissafi, alhali a nahawu ya faɗi.

Akwai masu cewa ai karatun gaba da Faransanci ake yinsa, don haka gara a saba tun farko. Amsa ita ce, wanda ya fahimci rabawa da harshensa, sunanta kawai zai koya a wani harshe. Wanda bai fahimce ta ba kuwa, haddar kalmomi zai yi ta yi. Wasu kuma suna tunatar da mu ajujuwan Yamai da Agadas inda ake samun Zabarmawa, Fulani, Buzaye da Barebari a benci ɗaya. Gaskiya ne, kuma hujjar da muka kawo wa ɗan Hausa ita ce hujjar kowane yaro: a fara masa da harshen da ya fi ji. Haka nan harshe ba zai gina aji ba, ba zai hana makarantun rumfa jiran karan girbi kafin su buɗe ba, ba zai biya malami albashi ba. Amma a cikin dukan waɗannan matsaloli, ita ce wadda mu muke da hannu a kanta.

Ba daga sifili za a fara ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa, cibiyar INDRAP kuma ta daɗe tana shirya littattafai. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abin da ya rage shi ne aikin da doka ba ta iya yi da kanta.

Wannan aiki namu ne. Ana bukatar a daidaita kalmomin lissafi, ta yadda malamin Tawa da na Mirya za su kira saura, gurbi da kusurwa da suna ɗaya, kuma a gwada kowace kalma a bakin yara kafin a buga ta a littafi. Ana bukatar a naɗi yadda ƴan talla, mahauta da masu awon hatsi da tiya suke lissafin ka, a fito da dabarunsu a rubuce. Ana bukatar a tattara kurakuran ƴan CE1 da CE2, a ware waɗanda harshe ya haddasa daga na lissafi zalla, a miƙa sakamakon ga makarantun horar da malamai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa kundin kammala digiri. Ga malamanmu masu raba batutuwan bincike a bana, muna roƙon a ware ko da kaɗan ga ajin lissafi na makarantar unguwa, domin can ne yaran suke zaune yanzu, suna jiran a tambaye su da harshen da za su iya amsawa.