Wutar iska a Kebbi: Wa zai amince da layin dakonta, wa kuma zai biya?

A farkon daminar shekarar 2025, wata guguwa mai ƙarfi ta kayar da wasu turakun babban layin wutar lantarki da ya taso daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, a yankin ƙaramar hukumar Shanga.

Lamarin ya jefa jihar Kebbi da maƙwabtanta cikin duhu, kama daga garin Kalgo da ke dab da babban birnin jihar, har zuwa Gwandu da ke kusa da iyakar jihar Sakkwato.

Wannan ya sake tayar da wata tsohuwar tambaya: tun da iskar yankin tana da ƙarfin kayar da turakun ƙarfe, me zai hana a sarrafa ta ta samar da wutar, kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe?

Amsar dai ba ta tsaya ga injinan da iska ke juyawa ba. Babban aikin shi ne layin da zai yi dakon wutar zuwa ga jama'a, da izinin gina shi, da kuma wanda zai ɗauki nauyin kuɗinsa.

Dogaro da layi ɗaya

Kusan dukkan wutar da ake sha a Kebbi tana zuwa ne ta layi guda mai ƙarfin kilovolt 330, wanda tsawonsa ya kai kimanin kilomita 310 daga madatsar ruwa ta Kainji.

Daga tashar Birnin Kebbi ne ake rage ƙarfinta zuwa kilovolt 132, a tura wani kaso zuwa Sakkwato, wani kuma zuwa Yamai a Jamhuriyar Nijar. Sauran kuma ya bi ƙananan layukan kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda ke kula da jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara.

Don haka duk abin da ya sami wannan layi ko wannan tasha, ya sami miliyoyin mutane. An ga haka a watan Satumban 2023, lokacin da gobara ta ƙone wasu manyan taransifoma a tashar ta Birnin Kebbi.

Asarar ba ta kwanan duhu kaɗai ba ce. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tana da mazauninta na dindindin a yankin Kalgo, akwai kuma babban asibiti a garin. Ga masana'antun casar shinkafa a Birnin Kebbi da Argungu, ga manoman rani a fadamu da ke ban ruwa da injinan fetur, waɗanda cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ninka musu kuɗin aiki.

Darasi daga Katsina

Binciken da aka yi kan iska a Nijeriya ya nuna cewa jihohin arewa mai nisa, irin su Sakkwato da Katsina da Kano, da kuma tsaunukan Jos, suna cikin wuraren da ta fi ƙarfi.

Amma har yanzu babbar tashar wutar iska ɗaya ce aka gina a ƙasar, wato ta Lambar Rimi a jihar Katsina, mai injina 37 da aka tsara za su samar da megawat 10.

An faro tunanin aikin ne a 2005, zamanin da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yake gwamnan jihar. Daga baya gwamnatin tarayya ta karɓe shi, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa kwangila.

A watan Disamban 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a garin Rimi, sai a watan Nuwamban 2013 ya kuɓuta a Zariya. Matsalar tsaro da ta kuɗi suka haɗu, aikin ya ɗauki fiye da shekaru goma.

Megawat 10 kuwa ƙaramin abu ne, wanda matsakaicin layi zai iya ɗauka. Duk wanda ke tunanin tashar megawat 100 ko fiye a Kebbi, dole ya tanadi sabon babban layi da sabuwar tashar karɓar wuta.

Abin da ya sa layin ke da tsada

Ana iya kafa tashar gas kusa da birni a jawo mata bututu. Ita kuwa iska ba a ɗauko ta, sai dai a bi ta inda take, kuma sau da yawa wurin yana nesa da masu buƙatar wutar.

Zaɓen wurin yana da muhimmanci ƙwarai, domin idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta yakan ninka sau takwas. Shi ya sa masu zuba jari kan kafa dogon turke su auna iskar wuri na aƙalla shekara guda, kafin banki ya saurare su.

A nan ne bambancin Kalgo da Gwandu zai fito. Tashar da aka kafa a yankin Kalgo ba ta da nisa da tashar Birnin Kebbi, don haka layinta gajere ne. Wadda aka kafa a yankin Gwandu kuwa za ta buƙaci layi mai tsawon kilomita da dama, ko da a ce ma'auni ya nuna iskar can ta fi kyau.

Matsala ta biyu ita ce iska ba ta kaɗawa kullum. Tana ƙarfi a lokacin hunturu, ta lafa a wasu watanni, kuma idan guguwa ta yi tsanani injinan kan tsayar da kansu don kada su lalace.

Galibin tashoshin iska na kan tudu kan samar da abin da bai wuce kashi 25 zuwa 40 cikin ɗari na cikakken ƙarfinsu ba idan aka yi lissafin shekara. Amma dole a gina layin da zai iya ɗaukar cikakken ƙarfin, saboda ranar da iskar ta cika. Ma'ana, za a biya kuɗin babban layin da a mafi yawan lokaci ba ya cika.

Ƙofofin neman izini

Dokar yi wa fannin lantarki garambawul ta 2005, wadda ta kawo ƙarshen NEPA, ita ce ta kafa hukumar NERC mai sa ido kan harkar. Duk mai son samar da wutar da ta haura megawat ɗaya sai ya nemi lasisi.

Bayan lasisi, sai yarjejeniyar haɗewa da babban layin ƙasa, wanda kamfanin TCN na gwamnatin tarayya ke riƙe da shi. A nan injiniyoyi kan duba ko layukan da ake da su za su jure wutar da ke hawa da sauka bisa yanayin iska.

Sannan akwai rahoton nazarin tasirin aikin ga muhalli, wanda dokar 1992 ta wajabta, kuma ma'aikatar muhalli ta tarayya ke amincewa da shi.

Sai batun fili. Layi mai kilovolt 330 yana buƙatar hanya mai faɗin mita 50, mai kilovolt 132 kuma mita 30, inda ba a yarda a yi gini ba. A ƙarƙashin dokar mallakar ƙasa ta 1978, gwamna ne ke riƙe da filayen jiha, kuma diyyar da ake biya ta amfanin gona ce da itatuwa da gine-gine.

A yankin da gonaki suka zama gadon kaka da kakanni kamar ƙasar Gwandu, wannan mataki ba ya tafiya sai da hakimai da dagatai, kuma jinkirin biyan diyya kan tsayar da aiki na watanni.

Ƙofa ta ƙarshe ita ce samun mai sayen wutar a farashin da NERC ta amince da shi. A 2016 kamfanoni 14 sun sa hannu kan yarjejeniyar samar da fiye da megawat 1,000 na wutar hasken rana, akasarinsu a arewa, amma taƙaddama kan farashi da lamunin gwamnati ta hana ayyukan tashi.

Kenya da Texas

Abin da ya faru a Kenya ya nuna haɗarin gina tasha kafin layi. A 2017 aka kammala kafa injina 365 a kusa da Tafkin Turkana, masu ƙarfin megawat 310.

Sai dai layin da zai kai wutar zuwa Suswa, mai tsawon fiye da kilomita 400, bai kammala ba sai a watan Satumban 2018. Kamfanin Isolux na Spain da ke aikin ya durƙushe, ga kuma rigingimun diyyar filaye.

Da yake yarjejeniya ta ɗora wa gwamnati alhakin layin, sai da Kenya ta biya dubban miliyoyin shilin saboda wutar da babu wanda ya sha.

Jihar Texas ta Amurka kuwa ta bi wata hanya dabam. A 2005 ta yi dokar da ta ba hukumar sa ido ikon ware yankunan da iska ta fi kyau, sannan a gina layuka zuwa can tun kafin masu zuba jari su zo.

An ƙiyasta aikin zai ci kusan dala miliyan dubu biyar, amma a ƙarshe ya ci kusan dala miliyan dubu bakwai, aka kuma raba kuɗin a kan takardun biyan wutar dukkan masu amfani da ita. Duk da wannan ƙari, Texas ce ke kan gaba wajen samar da wutar iska a Amurka.

Wa zai biya a Nijeriya?

Hanyoyin ba su wuce uku ba. Ko dai mai tashar ya gina layin ya sa kuɗin a cikin farashin wutarsa, ko TCN ya gina NERC ta ba shi damar mayar da kuɗinsa ta hanyar kuɗin dako, ko kuma gwamnati ta ci bashi ta gina.

A hanya ta ɗaya da ta biyu mai shan wuta ne zai biya, a ta uku kuma mai biyan haraji. Ƙarin kuɗin wuta kuwa batu ne mai zafi, musamman tun watan Afrilun 2024, lokacin da NERC ta ɗaga farashin masu rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na awa guda, fiye da ninki uku.

Babban aikin layi da ya shafi Kebbi a 'yan shekarun nan da bashi da tallafin waje aka tsara shi. Shi ne layin kilovolt 330 na ƙungiyar ECOWAS da aka ƙaddamar a 2022 a kusa da Yamai, wanda zai haɗa Birnin Kebbi da Nijar da Benin da Burkina Faso, a kan fiye da dala miliyan 500, da hannun Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka.

Irin wannan layi zai iya buɗe wa wutar Kebbi kasuwa a ƙetare. Amma katse wutar da Nijeriya ta yi wa Nijar a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, wadda ba a mayar ba sai a watan Maris na 2024, ya nuna cewa siyasa na iya rufe kasuwar a dare ɗaya.

Damar da ke hannun jihohi

A 2023 an yi wa tsarin mulki gyara, aka kuma sa hannu kan sabuwar dokar lantarki, wadda ta ba jihohi ikon samar da wuta da dakonta da rarraba ta a cikin iyakokinsu. Enugu da Ekiti da Ondo na cikin jihohin farko da NERC ta miƙa wa ragamar sa ido a 2024.

Wannan zai iya rage zirga-zirgar zuwa Abuja neman izini, amma ba zai rage farashin ƙarfe da waya ba, waɗanda akasari da dala ake sayo su.

Saboda haka abin da ya fi kusa da garuruwa irin su Gwandu da Kalgo shi ne ƙananan tashoshi da ke haɗa iska da hasken rana, a jona su kai tsaye da layin kilovolt 33 ko a yi musu ƙaramin layi na gari. An taɓa gwada ƙaramin injin iska mai kilowat 5 a ƙauyen Sayya Gidan Gada da ke jihar Sakkwato.

Ga babbar tasha kuwa, abin da Katsina da Kenya da Texas suka nuna shi ne cewa matakan suna da jeri: a auna iskar tukuna, a tsayar da hanyar layi a biya diyya, a bayyana wa jama'a wanda zai biya, sannan a kawo injina.

Kafin nan, buƙatar da ta fi gaggawa ga mazauna yankin ita ce hanya ta biyu da wuta za ta riƙa shigowa Birnin Kebbi, ta yadda faɗuwar 'yan turaku a Shanga ba za ta sake kashe fitilun jihohi da dama a lokaci ɗaya ba.