Ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta tsayar da hukunci

Daga Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, har ƙauyukan Jazira, fatake da yawa na ɗauka cewa da zarar an ɗaukaka ƙara, hukuncin alƙali ya tsaya. Ba haka abin yake ba.

A Sudan, dokar iyali ta Musulmi ta 1991 ce ke hukunta aure, saki, riƙon yara da gado. Wanda bai gamsu ba, bayan ɗaukaka ƙara, sai ya roƙi kotun sama ta dakatar da zartarwa. In ya yi sakaci ya wuce kasuwar Gallabat ko Kurmuk, yana iya dawowa ya tarar bakin alƙalami ya bushe.

Ra'ayinmu shi ne, alƙalai su dakatar da duk abin da in an yi shi ba ya gyaruwa: sayar da gidan gado, raba gona, ko ƙetare iyaka da yaro, musamman ganin yadda yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya warwatsa iyalai. Amma kuɗin ciyarwa kada a taɓa shi, domin cikin yaro ba ya jiran shari'a.

Ku kuma 'yan kasuwa, ku shigar da roƙonku a rubuce, ku naɗa wakili kafin ku ɗaura kaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.