A San Halin Baƙo Kafin A Ba Shi Masauki

A Ingila akwai wata shuka da ake kira rubab, wadda mutane da yawa ke ajiyewa a lambun bayan gida. Karan ganyenta ja ne, yana da tsami kamar yakuwa, akan dafa shi da sukari a ci. Duk wanda ya ga hotonta a takardar iri sai ta ba shi sha'awa. To, amma kafin mutum ya fid da kuɗinsa, wajibi ne ya san halinta.

Da fari dai, ita 'yar sanyi ce. Sai saiwarta ta sha sanyin hunturu mai daskarar da ruwa ta huta, sa'an nan ta tofo da ƙarfi. A lardin Yokshaya, tsakanin garuruwan Lids da Wekfil da Biradfod, manoma sukan bar saiwar shekara 2 a gona, in sanyi ya buge ta su kai ta ɗaki mai duhu da ɗumi, su riƙa cirar karan da hasken kyandir. Zafi irin na Kano ko Sakkwato ba ya karɓar ta.

Na biyu, tana bukatar haƙuri. Akan dasa ta a ƙasa mai taki da yawa, a bar tazarar ƙafa 3. Shekarar farko ba a taɓa ta ko kaɗan, gama wanda ya yi gaggawa ya raunana saiwar. Wanda ya jira kuwa, ya ci moriyarta shekara 10 ko fiye.

Na uku, shi ne mafi girma: ganyenta guba ne. A 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, abinci ya yi ƙaranci a Ingila, aka shawarci mutane su dafa ganyen. Da yawa suka kwanta ciwo, har aka rasa rayuka. Lalle wannan abin lura ne ga mutanen da suka saba sa kowane ɗanyen ganye a miya.

Saboda haka mai neman tsami a ƙasar Hausa ya riƙe yakuwarsa. Cikin damina ɗaya za ta ba shi ganyen miya, ta ba shi zoɓo. Wanda kuma zama ya kai shi ƙasar sanyi, ya dasa rubab, ya ci kara, ya zubar da ganye. Ɗan kasuwa ma kada ya sayar wa manomi da baƙon iri sai ya san amsar abu uku: ina yake yi, yaushe ake cirarsa, wane sashe ake ci. Matambayi ba ya ɓata.