Karatun Tattalin Arziki Da Bai San Rumbu Ba

A cikin fannonin ilmi da a ke koyarwa a kwalejoji da jami'o'i akwai guda biyu waɗanda ya kamata talaka ya sa musu ido fiye da sauran. Na ɗaya shi ne ilmin raya tattalin arziki, watau binciken hanyar da ƙasa matalauciya za ta bi ta wadata. Na biyu shi ne ilmin gwada tsare-tsaren mulki, inda a ke jera yadda ƙasashe dabam-dabam su ke tafiyar da sarautarsu, a auna wannan da wancan. Mai karatu ya iya cewa ina ruwan manomi da abin da a ke faɗa wa samari cikin ɗakin lacca. To, ruwansa ne ƙwarai. Yaron da ya zauna a bencin nan bana, shi ne bayan shekara goma zai zauna a ofis ya yanke inda za a tare kogi, da kuɗin da za a sayi gyaɗa, da wanda zai sami takin zamani. Abin da aka zuba masa a ka, shi zai zubo wa jama'a.

Babu mai hankalin da zai ce a rufe waɗannan azuzuwa. Abin ƙi shi ne tsanin da aka daɗe ana kafa wa ɗalibai a cikinsu.

Mai tsanin nan wani shaihun malami ne na Amurka, sunansa Walt Rostow. A 1960 ya fitar da littafi inda ya ce kowace ƙasa matakai biyar za ta taka. Za ta fara da zaman gargajiya, sa'an nan ta yi shirin tashi, sa'an nan ta tashi kamar jirgin sama, sa'an nan ta kama hanyar ƙosawa, daga ƙarshe ta kai zamanin da kowa ya ke sayen kayan jin daɗi. Ya ce alamar tashi ita ce jarin da ƙasa ta ke zubawa ya ɗaga daga kashi 5 cikin 100 na abin da ta ke samu ya haye kashi 10. Har shekarun tashin Ingila ya ƙayyade, daga 1783 zuwa 1802. Bai kuwa ɓoye nufinsa ba, gama a bangon littafin ya nuna martani ne ga 'yan gurguzu, daga baya kuma ya zama mai ba shugabannin Amurka shawara, Kennedy da Johnson. Littafin ya karɓu domin yana da daɗin haddacewa: abu biyar, yatsa biyar. Malami ya rubuta a allo, ɗalibi ya kwafa, ranar jarrabawa ya mayar, a ba shi maki. Shekaru sun shuɗe, masana da yawa sun kushe wannan tsani, amma har yanzu ba shi da wuya a sami ɗalibin da zai jero matakan nan biyar ba gargada, in kuwa aka tambaye shi dami nawa na gero gida mai mutum goma ya ke ci kafin kaka, sai ya yi shiru.

Illar tsanin tana matakinsa na fari. Da ya kira zaman mutane na gargajiya, ya sa manomi da ɗan koli da masaƙi duk a gindin tsani, kamar ba su san riba ba sai an zo an koya musu. Labarin gyaɗar Kano kaɗai ya isa ya ƙaryata wannan. Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, Turawa auduga su ke sa rai, domin masaƙun Ingila suna bukatarta, har wata ƙungiyarsu ta kafa injin gurza a Zariya. Amma masaƙan Kano da marinanta sun fi Turawa sayen auduga da daraja, saboda haka ba ta tafi Ingila yadda aka zata ba. Manoma suka duba ƙasarsu mai jigawa, suka duba farashi, suka ga gyaɗa ta fi, ga shi kuma ana iya shuka ta a tsakanin gero da dawa ba tare da an taɓa abincin gida ba, in ma ciniki ya ƙi a ci abar. Fatake waɗanda su ka saba da hanyar Gwanja wajen fataucin goro su ka juya jarinsu da yaransu zuwa sayen gyaɗa. Abin da Nijeriya ta fitar bai kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ya haye tan 19,000. Babu Razdan da ya ba da wannan umurni, babu digiri a cikin al'amarin. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, a wannan ciniki ya yi suna, kuma dalar gyaɗa da aka riƙa tarawa a Kano shaidar lissafin talakawa ce. Wani masani, Jan Hogendorn, ya bi diddigin labarin nan ya buga shi a 1978. Wannan shi ya cancanci zama darasin farko ga ɗan Arewa mai koyon tattalin arziki, tun kafin ya ji sunan Rostow.

Me masu ilmin littafi suka yi wa manomin nan? A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa, a 1954 aka mayar da irin waɗannan hukumomi hannun jihohi. Hujjar da aka bayar ita ce a tsare manomi daga hawa da saukar farashi. A aikace kuwa shekara da shekaru ana biyansa ƙasa da abin da a ke sayarwa a kasuwar duniya, rarar ta tafi baitulmali a yi ayyukan birni da ita. Wani masani mai suna Peter Bauer ya yi kashedi a kan haka tun 1954, ba a saurare shi ba. Sai a 1986 aka rushe hukumomin, bayan dalar gyaɗa ta riga ta zama labari. Fari da ciwon gyaɗa na shekarun 1970 da kuɗin man fetur duk suna da nasu laifi, wannan gaskiya ne, amma wanda aka daɗe ana tatsa ba ya jure fari.

Har malamin da ya faɗi gaskiya ma rabin maganarsa aka ɗauka. Arthur Lewis, baƙar fata ne daga tsibirin Sen Lusiya, ya koyar a Mancesta, ya sami lambar yabo ta Nobel a 1979. Abin da a ke haddace masa shi ne bayaninsa na 1954, cewa a ƙauye akwai rarar hannaye waɗanda masana'antu za su iya kwashewa da arha. Amma shi wannan Lewis, a rahoton da ya rubuta wa ƙasar Gwalkwas a 1953, cewa ya yi abin da ya fi gaggawa shi ne gyara noman abinci, domin masana'anta ba ta tsayuwa a ƙasar da manominta ba shi da abin sayen kayanta. Ya je Gana ya zama mai ba Nkrumah shawara a 1957, ba su jitu ba, ya bar aikin a 1958. Maganar rarar hannaye kuwa, duk wanda ya taɓa neman 'yan ƙwadago a tsakiyar damina, lokacin noman fari da maimai, ya san ba rara a ƙauye a wannan wata. Da rani ne hannu ya ke yawa, shi ya sa a ke tafiya cin rani.

Sai batun alƙaluma, wanda ya fi kowane ban takaici. Shirin raya ƙasa na farko na Nijeriya, na 1962 zuwa 1968, an tsara za a kashe wajen fam miliyan 676 a kansa, ana sa ran rabi zai zo daga ƙasashen waje, bai kuwa zo yadda aka zata ba. Ɗaya daga cikin manyan masu tsara shi, Wolfgang Stolper na Jami'ar Mishigan, da ya koma gida ya rubuta littafi a 1966 ya sa masa suna Planning Without Facts, watau tsara shiri ba tare da sanin hakikanin abubuwa ba. A yaba masa, ya faɗi abin da ya gani. Duk wanda ya san aikin En'e ya san inda lambobin ƙauye su ke fitowa. Malamin haraji ya zo da littafinsa, mai unguwa ya manta da samari biyu uku don a rage wa gari nauyi, Bafillace ya kora shanunsa daji kafin ranar jangali. Ranar da aka ce ƙidaya ce ta rabon kujerun majalisa kuwa, sai mutane su yi yawa har da na kabari. An soke ƙidayar 1962, ta 1963 ta jawo gardama, an soke ta 1973. A 2014, da aka sake ma'aunin lissafin arzikin ƙasa, sai aka wayi gari adadin ya kusa ninkawa, ya kai wajen dala biliyan 510, alhali ko buhu ɗaya bai ƙaru a rumbun kowa ba a daren. Ɗalibin da aka koya wa zana jadawali da irin waɗannan lambobi, ba a koya masa tambayar wa ya ƙidaya, don me kuma ya ƙidaya ba, an ba shi makami ne ba a nuna masa ɓangaren kaifi ba.

Sakamakon irin wannan shiri yana kan bayan talakawa. An gama madatsar ruwa ta Bakolori, kusa da Talatar Mafara, a 1978. An kwashe gonaki, diyya ta yi wuya, fadamun da ke ƙasa da madatsar, inda a ke noman shinkafa da kamun kifi, su ka rasa ambaliyar da su ke rayuwa a kanta. Manoma su ka tare hanya, a watan Afrilu na 1980 'yan sanda su ka buɗe musu wuta, aka yi asarar rayuka.

Akwai waɗanda su ka bi ɗaya hanyar, kuma aikinsu yana nan a rubuce. Polly Hill, wata Baturiya, ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a 1967, tana bin gida-gida da gona-gona. Ta tarar manoma ba ɗaya su ke ba: akwai mai rumbun da ya ke kai wa bazara ya sayar da tsada, akwai wanda ya ke sayar da hatsinsa da arha tun da kaka ya dawo ya saya da tsada, ya bar gonarsa da ciyawa ya je ƙwadago a ta wani. Ta kuma ga kasuwar da mata su ke ci a cikin gidaje ta hannun yara masu talla, wadda ba ta shiga littafin kowace ma'aikata. David Norman na Samaru ya yi irin wannan a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, ya auna, ya tarar manomin da ya ke haɗa gero da dawa da wake a gona guda, wanda malaman gona su ke yi wa faɗa, lissafinsa daidai ne. Ko a can ƙasashen da tsanin ya fito an sauko daga kansa: masana uku da aka ba lambar Nobel a 2019, saboda gwaje-gwajen da su ka yi a ƙauyuka da makarantu na Indiya da Kenya aka ba su.

Fannin gwada mulki shi ma ciwonsa ke nan. An saba jera wa ɗalibi majalisar Ingila, da shugaban Amurka, da tsarin Faransa, da jam'iyya ɗaya ta Tarayyar Sobiyat wadda ta wargaje a 1991. Sanin waɗannan yana da amfani, tun da Nijeriya ta ari rigar Ingila a 1960 ta yage a 1966, ta ari ta Amurka a 1979 soja su ka tuɓe ta a ƙarshen 1983, aka sake sa ta a 1999. Amma Aristo, wanda a ke kira uban wannan fanni, da almajiransa tsarin mulkin garuruwa 158 su ka tattara, mafi yawa na ƙasarsu ta Girka, kafin a yi hukunci. Ƙasar Hausa ba ta rasa abin tattarawa ba. Shaihu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a kan wajiban sarakuna a ƙarshen ƙarni na 15. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta Kitabul Farƙi, inda ya gwada mulkin sarakunan Haɓe da wanda shari'a ta tsara, har da jangali da gaisuwa ya ambata. In wannan ba gwada tsarin mulki ba ne, mene ne? M. G. Smith ya gwada sarautar Zazzau ta Zariya, inda gidajen Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa su ke da hakkin gadon sarauta, da ta Haɓen da su ka koma Abuja, wadda yanzu a ke kira Suleja. William Miles ya zauna a 'Yardaje ta ƙasar Daura da Yekuwa ta Nijar, ƙauyuka biyu maƙwabta, harshe ɗaya, addini ɗaya, ɗaya ta sha mulkin Ingilishi ɗaya ta sha na Faransi, ya buga abin da ya gani a 1994.

Za a ce ai jami'o'in ƙasar nan suna da darussa a kan tattalin arzikin Nijeriya da gwamnatinta, kuma malamai irin su Yusufu Bala Usman na Zariya sun yi wannan faɗa tun da daɗewa. Haka ne. Sai dai darasin gida da a ke koyarwa daga allo shi ma hadda ce, an sake sunayen garuruwa kawai. Abin da a ke nema shi ne kada a ba kowa takardar shaida a fannonin nan biyu sai ya yi damina guda a ƙauye, ya auna gonaki ashirin da igiya, ya rubuta farashin tiya a kasuwa tun daga kaka har zuwa bazara, ya zauna zauren dagaci ya ga yadda a ke raba gardamar iyakar gona, ya kuma bi kuɗin ƙaramar hukuma, wadda ta gāji En'e a 1976, ya ga inda su ke shiga. In aka ce babu kuɗin yin haka, a tuna ɗaliban likita suna kwana a asibiti, na aikin gona suna zuwa gona, ba a taɓa cewa ya yi tsada ba. Ɗaliban nan kuma galibinsu suna da ƙauyen da su ka fito, da kawun da zai ba su ɗaki, da manomin da ya yi yaƙi da jahilci wanda zai iya duba littafinsu ya nuna musu inda su ka ƙidaya rumbu ɗaya sau biyu.