Daga Gareji: Tazarar fulogi da alƙawarin da na yi wa amarya

Masu bibiyar wannan shafi sun san MGB ɗina 'yar 1972, wadda na saya a hannun wani dattijon Bature a bayan garin Leeds. Kujera biyu gare ta kacal, kuma tun 'yata tana sakandare na yi mata alƙawarin cewa ranar walimar aurenta ni zan tuƙa ta a ciki har ƙofar zauren taro. Da ya rage saura mako uku sai na ce bari in yi wa motar gata. Gatan nan ne ya kusa kunyata ni.

Littafin motar ya ce tazarar bakin fulogi inci 0.025 ce, wato kusan milimita 0.64, a kan Champion N9Y. Yau da yawanmu NGK BP6ES muke sawa, kuma duk tafiyarsu ɗaya. Ni kuwa sai na sayo sabon koyil mai ƙarfi, na buɗa tazarar zuwa 0.035, don wani abokina ya ce tartsatsi zai fi girma, mai zai fi ƙonewa. A gareji ta tashi bugu ɗaya, injin yana kiɗa gwanin daɗi.

A hanyar Harrogate, bayan tafiyar minti ashirin, na taka totur a hawa sai ta fara fizga, can ta mutu murus. Ta huce ta tashi, ta yi zafi ta sake mutuwa. Na cire fulogi ɗaya na kwantar da shi a jikin injin, aka buga, ga wuta shuɗiya tas. Sai na wanke ɓangaren wuta daga zargi, na koma kan kafiretocin SU guda biyu, har na zargi man E10 da aka fara sayarwa a nan a 2021. Mako guda cur na ɓata a wurin da babu laifi.

Abin da na manta shi ne, wutar da ka gani a waje ba shaida ba ce. A fili, tsallake wannan 'yar tazara abu ne mai sauƙi. A cikin silinda, inda fistin ya matse iska da mai, sai ƙarfin lantarkin ya ninka kafin tartsatsi ya tsallaka, kuma ya fi tsanani lokacin da ka taka totur a hawa. Koyil ba ya ba da wuta fiye da abin da tazarar ta nema. Ka buɗa ta, wutar sai ta ƙara hawa kafin ta sami hanya, kuma duk wannan ƙarin ta cikin rota da murfin distiributa da wayoyi zai bi. Lantarki kuwa kamar ruwa yake, inda ya ga sauƙi nan yake bi.

Nawa ya ga sauƙi a rota. Na sayo ta da araha a intanet, irin baƙar nan mai ƙusa a tsakiyar tagullarta. Idan ta yi zafi, wutar sai ta huda robar ta sauka jikin sandar distiributa, fulogi ya tashi a tutar babu. Gwajin ba wuya: cire murfin, ka riƙe wayar da ta fito daga koyil da filaya mai roba, ka kusanta ta da tagullar rota, a buga. Idan tartsatsi ya tsallaka, rota ta mutu. Tawa har ƙara ta yi. Na sa ja marar ƙusa, na mayar da fulogi 0.025.

Tunda muna kan koyil, don Allah a auna kafin a saya. MGB mai bamban ƙarfe irin tawa koyil mai om 3 take so. Masu bamban roba na wajen 1975 zuwa 1980 suna da waya mai rage wuta, nasu kusan om 1.5 ne. Ka sa na 1.5 a irin tawa, koyil ya yi zafi, kwantak ya ƙone. Ka yi akasin haka, wuta ta yi rauni. Kuma kada ka yarda da shekarar da ke takarda kawai, don motar da ta haura shekara arba'in hannaye da yawa sun taɓa wayoyinta.

Kwantak a distiributar Lucas 25D tazararsa 0.014 zuwa 0.016 ce. Kondensa kuma, in tsohuwarka tana aiki, bar ta. Na sha ganin sabuwa ta mutu kafin tsohuwa. Wanda ya cire kwantak ya sa na'urar lantarki ta zamani, shi yana iya ɗan buɗa fulogi, amma a ganina kaɗan-kaɗan, kuma sai bayan ya tabbatar da rota da murfi da wayoyi.

Ina cikin aunawa na tuna kawuna, makaniken Fijo 504 a Kaduna. Ban taɓa ganinsa da ma'aunin tazara ba. Guntun zarton yankan ƙarfe yake zurawa a bakin fulogi, ya ce, "Yaro, in ya shiga da ɗan ja, ya yi." Na ɗauka dabarar rashi ce. Na ɗauko nawa zarton na auna kaurinsa: inci 0.025. Allah ya jiƙan Kawu.

Asabar da ta wuce na yi mil sittin da ita, har da hawan da ta mutu a kai, ko tari ba ta yi ba. Duk da haka uwargida ta ce ita ba ta yarda da tsohuwar ba, ƙanin amarya zai biyo mu a baya da Toyota. Ban yi musu ba. Na dai jefa rota guda, kondensa guda da fulogi huɗu a aljihun gaba, kusa da inda amarya za ta zauna.