Kano ta Tsakiya: kujerar da ba a ɗumama ta

Tun daga 1999 babu sanatan Kano ta Tsakiya da ya yi zango biyu a jere. Ibrahim Kura Mohammed ya ci a PDP, Rufa'i Sani Hanga ya karɓa a ANPP a 2003, Mohammed Adamu Bello ya gaje shi a 2007, Bashir Garba Lado ya mayar da kujerar hannun PDP a 2011. A Kano ta Kudu kuwa, Kabiru Gaya ya kwashe shekara 16 yana zaune daram.

Wasu na kiran wannan wayewar siyasa irin ta jikokin NEPU. Akwai ƙamshin gaskiya, amma ba duka ba. Mazaɓar mai ƙananan hukumomi 15, daga Dala da Fagge har Madobi da Warawa, ta zama wurin shan iskar tsofaffin gwamnoni: Kwankwaso a 2015, Shekarau a 2019, dukansu a APC, kuma dukansu suka fice daga jam'iyyar kafin wa'adinsu ya cika.

Zaɓen 2023 ne ya tona asirin komai. Shekarau ya riga ya bar NNPP ya koma PDP, amma sunansa na nan a jerin INEC. Jama'a suka dangwala wa kwandon kayan marmari na NNPP, aka sanar da Shekarau a matsayin wanda ya ci, sai da Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Hanga, wanda NNPP ta sa a madadinsa, kujerar. A ranar zaɓen, mai ƙuri'a jar hular Kwankwaso ya bi. Aikin sanata a majalisa, ko rijiyar burtsatse a Ungogo, ba su shiga lissafinsa ba.